Gemun Wakili

Asabar, 1 ga Jimada Sani 1346, da hantsi

Da sunan Allah. Ni Arzika maiɗinki nake rubuta wanga a bayan takardun da nake zana aikin wuyan riga, don abin ya cika mini ciki kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Jiya munka yi wasan kalankuwa a dandali, tun la'asar har kiran magariba. Ban taɓa ganin taro irinsa a garin nan ba, har daga ruga an zo. Yari sarkin samari shi ya yi Maigari, da rawanin tsohon zane. Buba ya ɗaura zanen uwarsa ya zama tsohuwa mai kuka. Mas'udu anka shafe da farar ƙasa, anka kifa masa ƙwarya a kai, ya zama Bature. Ni anka ba Wakili, wato mai bin gida-gida yana zaɓen waɗanda za a kai aikin hanyar jirgi a Tsafe.

Na ƙi tun farko, Allah shaida ne. Wakili surukina ne, uban matata Wasila, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Yari ya ce, "Kalankuwa ba ta da suruki. Bara Liman munka yi, har goro ya aiko muna. Kuma wa ya san tafiyar tsohon nan kamarka?"

Sai na liƙa gemun gashin akuya da ƙaro. Ina fitowa ina jan ƙafar hagu, ina gyaran murya sau biyu kamar yadda yake yi kafin sallama, sai dandali ya ɗauka. Mata na guɗa, tsofaffi na riƙe ciki. Ni da ko a zaure ba a jin muryata! Na ji kamar an ƙara mini tsawo.

Daga ƙarshe na yi abin nan na akushi. Ba mu shirya shi ba, Yari ma bai san zan yi ba. A nan ne anka fi dariya.

Asabar, da almuru

Wasila ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki. Ashe tana cikin matan da sunka tsaya bayan rumbu jiya.

Litinin, 3 ga wata, bayan azahar

Na gamu da Wakili a hanyar rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambaye ni ko na gama shigar da dawa. Na ce saura kaɗan. Ya ce in yi hanzari, shanu sun fara gangarowa. Shi ke nan ya wuce, yana jan ƙafar nan.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A bakin kasuwa na ji mahauta suna yi wa juna. Ɗaya ya ɗaga tsoka zuwa baki, ya tsaya, ya waiga, ya ce, "Kai ne? Ka ci?" Sunka fashe da dariya. Da sunka gan ni sai sunka ce in yi musu na ainihi. Na ce ina sauri.



Laraba, 5 ga wata, da la'asar

Yari ya zo. Samarin Kekun Waje sun ji labari, suna son mu je mu yi musu ran Juma'a. Ya ce ba Baturen suke so ba, ba Maigarin ba, Wakili suke so. Ya faɗi haka a zaure da ƙarfi, kuma zana ce kawai tsakaninmu da cikin gida.

Da ya tafi na shiga, na iske ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, tafiyarsa kowa ya gani. Tarinsa kowa ya ji. Wancan ɗayan fa, mutum nawa sunka san shi?"



Ta ce, "Ni da Inna. Sai wanda na gaya wa."

Na ce ai babu wanda ya gane ma'anarsa, sun ɗauka rowa ce, tsoho na tsoron a ci masa tuwo. Ta ce, "Shi fa? Shi ma bai gane ba?"

Na rantse mata ba zan sake ba. Na ce gemun ma zan jefa a wuta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Ban jefa ba. Yana cikin jakar zare.

Asabar, 8 ga wata, bayan sallar asuba

Na ce mata hula zan kai wa wani a Kekun Waje. Akwai hular, ban yi ƙarya ba a nan.

Na yi niyyar in tsaya cikin 'yan kallo. Yari ya sa Mas'udu ya gwada, bai iya ba, ƙafar dama yake ja, mutane sunka fara watsewa. Wani ya nuna ni ya ce ga mai abin nan. Sunka ɗauki sunana da kiɗa. Ban san lokacin da na buɗe jaka ba.

Taron ya ninka namu. Akwai waɗanda 'yan uwansu ke Tsafe tun damina, sun matso gaba, su dariyarsu daban ce, ba ta kai ido. Na lura, amma ban tsaya ba. Da na zo kan akushi na ɗaga loma, na waiga. Wurin ya yi tsit suna jira. Ni kuma ina son shirun nan ya ƙara tsawo, ina son in ba su abin da ba a ba mutanen garinmu ba.

Sai na ƙara kalma ɗaya. Suna.

Ba a yi dariya sosai ba. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, ɗan ƙanwarsa ke nan." Na ji maganar tana bin taro kamar wuta a karmami.

A hanyar dawowa Yari na ta yabona. 

Lahadi, 9 ga wata, da azahar

Na ɓata wuyan rigar Liman, na warware, na sake ɓatawa. Ko ta ji? Ba ta nuna ba. Ta share tsakar gida sau uku yau.

Litinin, 10 ga wata, da almuru

An kawo Wakili a kan jaki daga kasuwar Bungudu.

Ban gani ba, mai jakin ya ba da labari. Tsohon ya je sayen gishiri. Wasu samari sunka tare shi a rumfar masu fura, ɗaya ya tura masa dunƙulen fura a baki yana faɗin abin nan, har da sunan. Ya ture hannun. Sunka taru. Daga turereniya sai sanda, daga sanda sai dutse. Kafin dattawa su raba, haƙarƙari biyu sun karye, muƙamuƙi ya goce. Babu wanda ya san samarin, ko kuma kowa ya san su.

Wasila ta ɗauki mayafinta kawai. A bakin zaure na ce bari in raka ta. Ta dube ni, karo na farko cikin kwana goma, ta ce, "Da wace fuskar? Taka ko tasa?"

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Na je ƙofar gidan Wakili. Na ji muryar maɗori da nishi. Na juyo.

Laraba, 12 ga wata, da la'asar

Na je. Na juyo.

Alhamis, 13 ga wata, da walaha

Bari in rubuta shi yadda yake, tunda takarda ba ta da baki.

Jibo ɗan ƙanwar Wakili ne. Uwarsa ta rasu yana goye, Wakili ya raine shi tare da Wasila, akushi ɗaya suke ci da tsohon tun Jibo bai iya yanka loma ba. Da bazarar bana anka nemi mutum shida daga garin nan, Jibo na cikinsu. Biyar sunka dawo. An ce zawo ne, an binne shi can gefen hanya kusa da Tsafe, ba wanda ya san wurin.

Gari ya ɗauka takarda ce ta zo da sunansa daga Gusau. Takarda ba ta zuwa da suna, yawan mutane kawai take faɗi. Wakili ke sa suna.

Wata rana da damina ruwa ya tsare mu a bukkar gona, ni da Wasila. A nan ta gaya mini tana kuka, ta ce tun rasuwar nan ubanta bai gama cin abinci ba ko sau ɗaya. Yakan ɗauki loma, in ta kusa baki sai ya tsaya, ya waiga gefen da yaron ke zama, ya ce a hankali, "Kai ne? Ka ci?" Sai ya mayar ya rufe akushin. Ta ce kada in gaya wa kowa. Na share mata hawaye da hannun rigata na ce har abada.

Abin da na kai dandali ke nan. Ba don Jibo na yi ba, ba don waɗanda ke Tsafe ba, kada in yi wa kaina ado. Na yi ne don na ga dariya ta fara sanyi, ina son ta tashi.

Asabar, 15 ga wata, da azahar

Babu wanda ya kawo ɗinki. Babu kuma wanda ya zage ni. A masallaci an bar mini fili dama da hagu.

Ƙurar tsakar gida ta taru. Ban san inda take ajiye tsintsiya ba.

Lahadi, 16 ga wata, da la'asar

Ɗan saƙo ya zo daga Gusau a kan doki, ya sauka gidan Maigari. An kira Yari, an kira Mas'udu. Sun daɗe. Mas'udu ya fito idonsa ja, ya ce an tambaye shi wa ya koya masa tafiyar Bature, wa kuma ya ce a kai wasan wani gari. Ya ce ni ba a ambace ni ba ko sau ɗaya.

Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Don me ba a ambace ni ba?

Litinin, 17 ga wata, da hantsi

Duk takun da na ji a waje sai in ajiye allura. Na ɗaure 'yan kayana a tsumma, na kwance, na sake ɗaurewa. Ina za ni? A garin Mada akwai ƙanin babana, amma in na gudu na bar ta da wane suna?

An ce Wakili ya fara shan kunu da kara.

Talata, 18 ga wata, bayan azahar

An kira ni.

Maigari na zaune shi kaɗai da Liman. Na faɗi na yi gaisuwa, ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya ce, "Arzika, an ce ka iya Wakili."

Na ce, "Ranka shi daɗe, kuskure ne da ƙuruciya."

Ya ce, "A'a, an ce ka iya ƙwarai. Ka iya tafiyar, ka iya muryar, kuma kana karatu da rubutu. To ga takarda ta zo, mutum biyar ake so, ran Litinin su kwana Gusau. Wanda ke yi mini aikin yana kwance, ka san dalili. Kai za ka yi."

Na ce a yi mini rai. Na ce a sa sunana cikin biyar ɗin, in tafi in ɗauki ƙasa a kai, na yarda. Ya ce, "Wannan ai sauƙi kake nema. Wakili ba ya tafiya, rakiya yake yi ya dawo ya zauna da iyayensu." Ya ƙara da cewa can sama an ji labarin wasan, kuma za a so a ga sarkin samari cikin waɗanda anka kawo. Sauran huɗun ni na sani.

Liman bai ɗago kai daga tazbaharsa ba.

Laraba, 19 ga wata, da hantsi

Gida arba'in da ɗaya. Na san kowa. Na ɗinka wa rabinsu rigar aure.

Laraba, da la'asar

Na rubuta suna uku, na wanke allon. Na rubuta wasu, na wanke. Duk wanda na sa sai in ga uwarsa.

Labari ya fita. Matar da ke kawo mini nono ta hango ni ta sake hanya.

Alhamis, 20 ga wata, da almuru

Yau na shiga gidan Wakili. Ba don na yi ƙarfin hali ba, don ba ni da wani wurin zuwa.

Inna ta amsa sallamata daga nesa. Wasila na bakin murhu, ba ta juyo ba. Yana kwance a ɗakinsa an ɗaure masa haɓa da tsumma har ka, ya rame ƙwarai, gemun ya yi fari fat. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, na zo neman gafara." Kuka ya ci ƙarfina, sauran maganar ba ta fita ba.

Ya bari na gama. Maganarsa ta cikin haƙora ce, sai na matso sannan na ji. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Cewa ya yi, "Nawa anka ce?"

Na ce biyar.

Ya ce, "Kada ka taɓa gidan da namiji ɗaya ne. Kada ka taɓa wanda matarsa ke da tsohon ciki. Mai tari kada ka sa shi, ko ya roƙe ka, ba ya dawowa. Ka je da la'asar, an ci an ƙoshi, ba da safe ba. Ka yi magana da uban a zaure, kada ka yarda a fito maka da uwar. In an ba ka ruwa kada ka sha, in an ba ka kaza kada ka karɓa. In an zage ka ka tsaya a gama, haƙƙinsu ne."

Ya huta. Na ɗauka ya gama, sai ya ce, "Da bazara biyar na samu, saura ɗaya. Gidan da ya rage na Saude ne, mijinta ya mutu, ɗanta ɗaya. Na zauna a zaurena har rana ta faɗi. Jibo ya zo ya ce, Baba mi ya hana ka shiga? Na gaya mishi. Ya ce to ai ga ni." Ya rufe ido. "Da na ce a'a. Kalma ɗaya ce. Ban ce ba."

Na ce, "Baba, gari bai san haka ba. Bari in faɗa musu."

Ya buɗe ido ya ce, "Ka faɗi abin da ya isa."

Asabar, 22 ga wata, da almuru

Na gama.

Gida na farko uban ya tofa mini yawu a riga. Na tsaya. Gida na biyu dattijon ya tashi ya shiga, na ji kuka ya tashi a ciki. Na uku sun ba ni ruwa, na ce na gode ban sha ba, uban ya ce, "Ashe har wannan an koya maka."

Gidan su Buba wansa na yi niyya, sai na iske matarsa ciki ya tsufa. Ina tsaye ban san abin yi ba, Buba ya fito ya ce in rubuta shi. Na ce ya bari in sake dubawa wani gidan. Ya ce, "Wane gidan? Rubuta." Na daɗe riƙe da alƙalami. Na rubuta.

Yari na bari ƙarshe. Na iske shi yana gyaran fatar ganga, ya riga ya sani. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi 'yar dariya, ya ce, "Tsaya haka, kada ka motsa. Yadda ka sunkuyar da kai ɗin nan, da yadda kake murza bakin riga. Baɗi in Allah ya dawo da ni, ni zan yi ka."

Na ce Allah ya dawo da kai ka yi.

Litinin, 24 ga wata, Gusau, bayan la'asar

Mun taso da asuba. Iyaye sun rako mu har gulbi, daga nan sunka tsaya. Ban waiga ba. A hanya babu mai tafiya kusa da ni, su biyar a gaba, ni a baya, sai ka ce mai kora.

A nan an tara mutane sun fi ɗari a wani fili, daga garuruwa da yawa. Wani malami a kan tebur ya karɓi takardata, ya kira suna, ya duba haƙoransu da tafin hannu, ya ce su koma can. Bai ɗauki lokacin da ake shan ruwa ba. Gobe za su kama hanyar Tsafe. An ce wata uku.

Na saya musu ƙuli-ƙuli da dabino, uku sunka ƙi karɓa. Buba ya karɓa ya raba musu da hannunsa. Ya ce in gaya wa uwarsa zanenta na nan cikin rumbu, ya manta bai mayar ba tun ranar wasa, kada ta yi ta nema.

Yari har an fara taruwa a kansa yana ba da labari. Bai dube ni ba da zan tafi.

Na sauka a zauren wani maɗinki. Ya tambaye ni sana'ata, na rasa wadda zan faɗa.

Laraba, 26 ga wata, da magariba

Na shigo gari da la'asar. Na bi gida biyar na ce sun isa lafiya. A uku ba a amsa sallama ba, na faɗa wa zana na wuce. Uwar Buba ta saurari saƙon zanen, ta ce to, ta rufe fuska.

Da na doso gidana na ga hayaƙi. Na tsaya a zaure na daɗe, ina tsoron in shiga in iske maƙwabta ne ke ƙona shara.

Tana tsugune tana hura wuta. An share tsakar gida, an cika randa. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna a bakin ɗaki, ƙafafuna duk sun fashe. Can ta kawo ruwan ɗumi a kasko ta ajiye gabana.

Na ce, "Kin dawo?"

Ta ce, "Baba ya ce in taho. Ya ce mai wanga aiki ba a barinsa shi kaɗai a gida."

Na ce, "Ke fa?"

Ta tsaya riƙe da ludayi, ta dube ni sosai. Ta ce, "Ni ban yafe ba, Malam. Zuwa dai na yi. Sa ƙafarka kafin ruwan ya huce."

Na sa.